Hukuncin Kisa Da Tsaron 'Ya'yanmu

'Yan'uwana matan Birnin Kudu da Gwaram, yau zancenmu mai nauyi ne. A shekarar 2021 Gwamnatin Jigawa ta kafa doka cewa wanda ya yi wa yarinyar da ba ta kai shekara 10 ba fyaɗe, hukuncinsa kisa ne. Mata da yawa sun yi murna. To, amma ya kamata mu san asalin abin da kuma iyakar amfaninsa.

Tun zamanin da ƙasarmu ke cikin Lardin Kano, majalisar Sarki ke yanke shari'ar kisan kai bisa mazhabar Malikiyya, inda magada ke da zaɓi: kisasi, ko diyya, ko afuwa. A 1960 aka soma aiki da dokar Final Kot, ita ma ta ajiye kisa ga wanda ya kashe rai da gangan. A 1998 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa wannan hukunci bai saɓa wa tsarin mulki ba. Sai dai ba a zartar da shi sai Gwamna ya sa hannu, gwamnoni kuwa ba safai suke yarda ba, don haka masu laifi kan tsufa a kurkuku.

Manufarsa biyu ce: a saka wa wanda aka zalunta, a kuma tsoratar da na baya. Shin yana tsoratarwa? A 1971 aka harbe ƙasurgumin ɗan fashi Oyenusi a bainar jama'a a Ikko, amma fashi bai ƙare ba. Abin da mugu ya fi tsoro shi ne ya tabbata za a kama shi.

Ga inda maganar ta shafe mu. Mai ɓata yarinya sau da yawa maƙwabci ne ko ɗan'uwa. Idan uwa ta san ƙararta za ta kai shi ga igiya, dangi kuma suka taru suna cewa a rufa asiri, sai ta yi shiru. Shirun nan kuwa shi ke ba shi ƙarfin komawa kan wata.

Saboda haka, 'yar'uwa, in abin ya auku, Allah Ya kiyaye, kai yarinyar asibiti nan da nan tun ba a yi mata wanka ba, kada a wanke tufafinta, sa'an nan a sanar da 'yan sanda. Alƙali ba ya hukunci sai da shaida, shaidar kuwa a hannunmu take.

Allah Ya tsare mana zuriya, amin.