Saita Kibod da QMK: Daga Ƙugiyoyin Hausa Zuwa Fitilu

Duk wanda ya daɗe yana rubuta Hausa a kwamfuta ya san wahalar ɓ, ɗ da ƙ. Kibod ɗin da muke saya a kasuwa don Turanci aka tsara shi, babu ƙugiya ko ɗaya a jikinsa. Sai ka ga marubuci yana kwafo harafi daga wani tsohon rubutu yana mannawa, ko kuma ya gaji ya zubar da ƙugiyoyin gaba ɗaya. Akwai manhajoji irin su Keyman da ke magance wannan daga cikin kwamfuta, kuma suna aiki. Hanyar da zan bayyana a nan daban ce: a shiga cikin kibod ɗin kansa a koya masa abin da ake so.

Ba kowane kibod ne ke karɓar wannan ba. Wanda aka fi samu a ofisoshi shimfiɗar roba ɗaya ce a ƙarƙashin dukkan maɓallansa. Wanda ake kira na makanika kuwa, kowane maɓalli da nasa swici, mai ɗan sifirin a ciki. Samfurin da ya fi yaɗuwa shi ne MX na kamfanin Cherry na Jamus, wanda ya fito a shekarun 1980. Swici ja yana sauka sumul, mai ruwan ƙasa yana da ɗan tudu da yatsa ke ji, shuɗi kuma yana ƙara. Wannan zaɓin hannu ne da kunne, kowa da abin da ya fi masa.

Abin da ya fi swici muhimmanci shi ne 'yar ƙwaƙwalwar da ke kan allon cikin kibod. Ba ta da ƙafafun da za su ishi kowane maɓalli, saboda haka ake jera swicin a layukan tsaye da na kwance. Ƙwaƙwalwar tana sakin wuta a layi ɗaya, ta duba inda ta ɓulla, ta koma na gaba, sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Kowane swici yana da ɗan diyod da ke hana wuta komawa baya, don kada a danna maɓalli uku kibod ya ga na huɗu. Sannan ƙarfen swici yakan ɗan yi rawa kafin ya zauna, shi ya sa ake jinkirta hukunci da kamar milidaƙiƙa 5. Manhajar da ke zaune cikin ƙwaƙwalwar tana gudanar da duk wannan, ita ce za mu sauya.

Wadda aka fi amfani da ita ita ce QMK. Ta samo asali daga wata da ake kira TMK, Jack Humbert mai kibod ɗin Planck ya faɗaɗa ta, daga baya masu sa-kai suka ɗauki ragamarta. Buɗaɗɗiya ce ƙarƙashin lasisin GPL, ma'ana kowa na iya karanta ta, ya gyara, ya raba. Kafin ka sayi kibod, tabbatar yana cikin waɗanda QMK ta sani. Jerin Q na Keychron, misali, suna ciki. Duba kuma irin ƙwaƙwalwarsa. ATmega32U4 tana da kilobayit 32 kacal, abin da ya rage maka bai wuce 28 ba, kuma fitilu da ƙugiyoyi suna cinye shi nan da nan. RP2040 ta Raspberry Pi, wadda ta fito a 2021, ko wata daga dangin STM32, sun fi sarari nesa ba kusa ba. Idan marar waya kake so, ZMK ce ta fi dacewa.

Darasi na farko shi ne hawa. Ɗauki kibod kamar gidan bene: hawa na ƙasa haruffan da ka saba ne, amma idan ka riƙe wani maɓalli sai ka hau na sama, inda kowane maɓalli ke da sabon aiki. QMK tana iya ɗaukar hawa har 32, ko da yake uku ko huɗu sun ishi mai rubutu. Umarnin MO yana hawa da kai muddin kana riƙe da maɓallin, TG kuma yana barin ka a can sai ka sake dannawa. Wanda na fi so shi ne LT: ka taɓa ka saki ya ba da harafi, ka riƙe ya sauya hawa. Iyakar da ke raba taɓawa da riƙewa milidaƙiƙa 200 ce idan ba ka canza ba. Mai saurin hannu yakan rage ta, wanda yatsunsa ke daɗewa a kan maɓalli sai ya ƙara.

Don irin waɗannan sauye-sauye ba lallai ka rubuta komai ba. Manhajojin VIA da Vial suna nuna maka hoton kibod ɗinka, ka zaɓi maɓalli ka ba shi aiki, nan take ya ajiye a cikinsa. Ko ka kai shi wata kwamfutar, tsarinka na nan.

Ƙugiyoyi ne ke buƙatar haƙuri, kuma dalilin ya cancanci a fahimce shi. Kibod ba ya aika haruffa. Lambar maɓalli yake aikawa ta USB, kwamfuta ce ke fassara ta. Maɓallin A lambarsa 4, kuma a wannan jeri babu lambar ɗ. Dabarar QMK ita ce ta buga lambar Unicode ta harafin a madadinka, cikin ƙiftawar ido. Lambar ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƙ 0199, ta ƴ kuma, wadda ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke rubuta 'y, 01B4. Manyansu su ne 0181, 018A, 0198 da 01B3.

Fayil uku za ka taɓa. A rules.mk ka kunna UNICODEMAP_ENABLE. A keymap.c ka jera lambobin nan takwas, sannan ka haɗa kowane ƙaramin harafi da babbansa da umarnin UP, domin Shift ya yi aikinsa kamar kullum. Shawarata ka ɗora su a hawa na biyu, ɓ a kan B, ɗ a kan D, ƙ a kan K, ƴ a kan Y, don hannu ba ya mantuwa da wannan. A config.h kuma ka faɗi irin kwamfutar, domin kowacce da ƙofarta: Linux tana karɓa ta Ctrl da Shift da U, a Mac sai an kunna Unicode Hex Input, Windows kuma an fi dogara da wata 'yar manhaja mai suna WinCompose. Nan ne raunin hanyar yake. Idan ka jona kibod ɗin a kwamfutar da ba a shirya ba, lambobi za ka gani maimakon ƙugiya.

Daga nan sai filashin, kusan yadda masu gyaran waya ke yi. Umarnin qmk compile zai haɗa fayilolin. Ka danna maɓallin sake saiti da ke ƙarƙashin kibod, ko a wasu ka riƙe Esc yayin jona waya, sannan qmk flash ko QMK Toolbox su zuba sabuwar manhajar. A RP2040 kibod ɗin yakan bayyana kamar filas, ka jefa fayil ɗin ciki kawai. Ajiye kwafin manhajar asali tukuna, kuma ka ware wa QK_BOOT, umarnin da ke yin aikin maɓallin sake saiti, maɓalli a wani hawa mai nisa, don kada kowane gyara ya sa ka kwance kibod ɗin.

Saura fitilu. Akwai masu launi ɗaya a bayan maɓallai, akwai waɗanda ke haska ƙasan kibod, da QMK ke kira RGBLIGHT, akwai kuma RGB Matrix inda kowane maɓalli ke da tasa. Yawanci ƙwayoyin WS2812B ne ko SK6812, a jere kamar sarƙa a kan waya ɗaya: kowace ta ɗebi bit 24 nata, takwas-takwas na ja, kore da shuɗi, ta miƙa saura ga ta gaba. Launi, kaurinsa da ƙarfin haske, kowanne ana saita shi daga 0 zuwa 255.

Kada ka kai ƙarfin haske ƙurya. Ƙwayar WS2812B ɗaya a fari tas tana iya jan kusan miliamfiya 60, sittin daga cikinsu sun haura 3,500 ke nan, alhali ramin USB 2.0 500 kawai ya yi alkawari. Sakamakon shi ne kibod ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Sa iyaka da RGB_MATRIX_MAXIMUM_BRIGHTNESS, sa kuma fitilun su mutu idan kwamfuta ta yi barci. Mai aiki da batirin laftof lokacin da aka ɗauke wuta zai ga bambancin.

Bakan gizo mai yawo a kan maɓallai yana burgewa kwana biyu, daga nan sai ya zama abin ɗauke hankali. Ni dai na fi ganin amfanin fitila idan tana ba da labari. Da zarar kana da hawa uku, za ka riƙa manta inda kake. A cikin keymap.c akwai gurbi mai suna rgb_matrix_indicators_user, inda za ka ce: idan hawan Hausa na kunne, B, D, K da Y su yi kore, saura su dushe, idan Caps Lock na kunne, maɓallinsa ya yi ja. Kowace fitila lamba gare ta bisa jerin sarƙar, kuma jerin ba lallai ya bi tsarin haruffa ba, don haka ka nemo lambar kowane maɓalli a fayilolin kibod ɗinka kafin ka rubuta, ko ka kunna su ɗaya bayan ɗaya kana rubuta lambobin a takarda.