"'Ya'yana ne inshorata": raddi cikin ladabi ga iyayenmu masu shirin ajiye aiki

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin dattawan da suka doshi ritaya, a Naraguta da sauran unguwannin Jos. In aka ɗauko zancen inshorar lafiya a majalisa, kafin mai magana ya dire wani zai ce: "Ni ai na haifu. 'Ya'yana ne inshorata." Wani ya ƙara da cewa lafiya da ciwo duk na Allah ne, kuma wanda ya sha wahalar yara har suka zama mutane ba zai wulaƙanta a gadon asibiti ba. Masu faɗar haka iyayenmu ne, kuma suna da hujja. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa, wato aljihun ɗa da 'ya da ƙane da suruki, wani lokaci har da tiren masallaci ko baikon coci. Zumunci ne ya riƙe marasa lafiyarmu tun kafin a san wata hukuma, kuma ba na fatan ranar da za mu rasa shi. Amma ina neman afuwar iyayena in ce wannan maganar ta gaza, kuma ranar da ake matuƙar bukatarta, ranar take gazawa.

Mu fara da abin da mutane da yawa ba sa sani sai sun je tagar asibiti. Ma'aikacin Jami'ar Jos, wadda mazauninta na dindindin ke nan Naraguta, ma'aikacin tarayya ne. Tun 2005 da aka ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na NHIS, irinsa na da katin da ya ɗauke shi da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, ba ya biyan komai sai kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Wanda ya yi shekara da shekaru a haka har mantawa yake da ainihin farashin ƙwayar da yake sha. Sai dai katin a ɗaure yake da takardar albashi. Da zarar suna ya fita daga jerin masu albashi, katin ya tashi aiki. Ga yawancin ma'aikatan gwamnati wannan rana tana zuwa ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. A jami'a farfesa kan kai 70, sauran ma'aikata 65, malaman makaranta kuma dokar 2022 ta kai su 65 ko shekara 40 a aiki. Tsofaffin sojoji suna da nasu tsarin da ke bin su bayan ritaya, amma akawu da masinja da direba da malamin jami'a fita suke yi hannu rabbana. Mutum ya riƙe kati lokacin da ciwonsa bai wuce zazzaɓi da mura ba, a karɓe shi a shekarun da jiki ya fara biyan bashi.

Fansho ma ba a ranar yake sauka ba. Masu ritaya a ƙarƙashin tsarin adashin fansho da aka soma a 2004 sun san watannin da aka riƙa kwashewa ana jiran haƙƙin shekarun baya, har sai da gwamnatin tarayya ta amince a 2025 da ciyo bashin Naira biliyan 758 don rage abin da ya taru. Hawan jini kuwa ba ya jiran takarda ta fito daga Abuja.

Irin ciwon da ke zuwa da shekaru shi ne abin dubawa. Da a ce karaya ce ko tiyata guda, to 'ya'ya za su iya. An sha gani: a buga waya Kaduna da Legas, a sayar da babur ko tunkiya, kafin la'asar kuɗi sun haɗu. Mu gwanaye ne wajen tarar gaggawa. Amma hawan jini, wanda bincike ke nuna yana jikin kusan mutum ɗaya cikin manya uku a ƙasar nan, ba a gama biyansa. Haka ciwon suga, haka ciwon gwiwa da asma da sanyin Jos ke tayarwa duk Disamba da Janairu, haka kumburin nan da ke toshe wa dattawa maza fitsari. Wannan kuɗin wata-wata ne har ƙarshen rai, ga gwaji, ga ganin likita. Kuma tun 2023, da aka cire tallafin mai, Naira ta faɗi, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara nasa ya nasa, farashin magunguna da yawa ya ninka ya sake ninkawa. Ɗan da ake dogaro da shi wataƙila albashinsa bai yi nisa da mafi ƙanƙanta na Naira 70,000 ba, ga haya, ga kuɗin makarantar nasa yaran.

Abin da ya fi damuna ba a cika faɗarsa a fili ba. Uban da ke cewa 'ya'yansa ne inshorarsa shi ne mutum na ƙarshe da zai buɗe baki ya roƙe su. Kunya da kawaici ba za su bar shi ba. Wata na farko zai ce magani ya ƙare, a aiko. Wata na biyu ma haka. A wata na huɗu, da ya ji muryar yaron a waya ya gane ana cikin matsi, sai ya ce, "Lafiya lau, jiki da sauƙi." Daga nan ya fara raba ƙwaya biyu, ko ya sha yau ya tsallake gobe, ko ya koma kan jiƙo da tafarnuwa, ba don ya fi yarda da su ba, don dai kada ya zama kaya. Hawan jini kuma ba ya ciwo, ballantana a gane. Sai wata asuba a tarar da shi baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye, a kwashe shi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko asibitin Jankwano, a kashe a mako biyu abin da zai sayi maganin shekaru. Yaran nan ba su ƙi mahaifinsu ba. Ba su sani ba ne, shi kuma mutuncinsa ya hana shi sanar da su. Mai kati ba ya bukatar roƙon kowa kafin ya je a auna jininsa. Ko don wannan kaɗai, a ganina, dattijo ya cancanci a yi masa rajista.

Saboda haka ban ce a cire 'ya'ya daga lissafi ba. Cewa nake a canza lokacin da suke sa hannu. Maimakon su haɗa dubu ɗaruruwa cikin firgici a bakin ɗakin gaggawa, su haɗa kuɗin shekara guda cikin natsuwa, su biya wa Baba da Inna. Wannan ma biyayya ce, kuma ta fi sauƙin ɗorewa.

Na san wasu dattawan da abin da ke tsaye musu a rai shi ne halacci. An taso ana jin cewa inshora caca ce. Malamai sun daɗe da rarrabe zancen. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a matsayarta ta 1985, ta ƙi amincewa da inshorar kasuwanci saboda jahilcin da ke cikin cinikin, amma ta halatta ta taimakon juna, inda jama'a ke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar agaza wa wanda larura ta faɗa wa. Malaman kan kafa hujja da ƙabilar Ash'ariyyawa, waɗanda in abinci ya yi musu ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa su raba daidai, Annabi (SAW) kuma ya yabe su a kan haka. A kan wannan tunani jihohin Arewa suka gina hukumomin lafiya na taimakekeniya, Kano a 2016, Filato a 2019 lokacin Gwamna Simon Lalong, da hukumar da ake kira PLASCHEMA. Abin ya yi kama da adashi, sai dai a nan wanda shekara ta zagayo bai ɗauka ba shi ya fi kowa sa'a, kuɗinsa kuma sun yi jinyar wani. Wanda har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya kai takardun shirin gaban malamin da ya yarda da shi ya tambaya, ya fi ya yanke hukunci da jita-jitar majalisa.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na waɗanda suka riƙe katin suka ga yadda ake yi. "Ka yini a layi, a ba ka farasitamol, a ce sauran babu, je ka kemis." Wannan gaskiya ce, ba zan musa ba. Tana da dalili. Asibitin da ka zaɓa ana biyansa wani abu tsayayye duk wata a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba, kuma wannan kuɗin ya yi fiye da shekara goma yana kan Naira 750 alhali magani na ta tashi. Ga jinkirin kamfanonin HMO, masu shiga tsakanin hukuma da asibiti, wajen biyan bashi da ba da lambar izini in za a tura majiyyaci babban asibiti. An ƙara kuɗin a 2024, aka sake ƙarawa a 2025, amma da sauran rina a kaba. Haka kuma kada wani ya yaudari dattijo cewa kati zai ɗauke komai. Wankin ƙoda na dogon lokaci, maganin ciwon daji da manyan hotunan jiki, yawanci wani kaso ake ɗauka ko wani adadi, sauran na mai jinya ne. A nan ne zumunci zai ci gaba da aikinsa, kuma zai fi ƙarfin yinsa in ba a riga an tatse shi da kuɗin ƙwayar wata-wata ba.

To wace ƙofa mai shirin ritaya zai bi? Hukumar NHIS ta tarayya, wadda ta koma NHIA bayan dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, tana da shirin GIFSHIP da aka buɗe a 2020 don ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi, masu ritaya kuma suna cikin waɗanda aka yi shi dominsu. Da Naira 15,000 a shekara kan mutum ɗaya aka fara, an ƙara tun daga lokacin, don haka a tambayi farashin yau a ofishinsu na Jos. PLASCHEMA ma tana rajistar waɗanda ba ma'aikata ba. Sai kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda layinsu ya fi gajarta amma kuɗinsu ya fi yawa, da dama daga cikinsu kuma suna da iyakar shekaru, wajen 60 ko 65, ko su ware wa tsofaffi wani tsari mai tsada, su kuma jinkirta ɗaukar ciwon da mutum ya shigo da shi. Ga mai dogaro da fansho, shawarata ya fara da na gwamnati, in 'ya'ya na da hali su ɗora na kamfani a kai.

Kowanne aka zaɓa, a je da kwalayen maganin da ake sha a hannu, a tambaya ɗaya bayan ɗaya ko suna cikin jerin da shirin ke bayarwa. A tambayi aikin yanar ido da na toshewar fitsari, don su ne tiyatar da ta fi bin dattawa. A zaɓi asibitin da Keke Napep ɗaya zai kai mutum daga gida, domin katin asibitin da ke can ƙarshen gari a aljihu yake ƙarewa. A kuma sani cewa ba ranar biya kati ke fara aiki ba, akwai lokacin jira na makonni, wani shirin har watanni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai ajiye aiki a Disamba, tun damina ya kamata ya gama rajista, yana da sauran albashi a hannu.

Kada kuma a manta da uwargida. Katinta reshen na maigida ne, ranar da nasa ya mutu nata ma ya mutu, alhali ita ce za ta yi jinyar kowa, ita ce kuma ta fi kowa iya ɓoye nata ciwon. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, wataƙila ma tun farko ɗaya ce ke cikin shirin. In kuɗin mutum ɗaya kawai ake da su bana, a duba wanda ya fi bukata tsakani da Allah, ba lallai sai mai gida ba.

Duk wannan zancen ma'aikata ne, alhali yawancin dattawan Naraguta ba su taɓa karɓar albashi ba. Dukawan da aikin fatarsu ya fitar da sunan garin, da 'yan gwarin Farin Gada, da direbobin tashar Bauchi Road, ritayarsu ita ce ranar da ido ko baya ya ce ya gaji, babu takarda, babu giratuti. Su ne suka fi dacewa da rajistar ƙungiya, tunda da ma suna da shugabanni da asusu da taron wata. Wanda kuma ba shi da ko sisi, dokar NHIA ta 2022 ta ambaci tsofaffi a cikin masu rauni da gwamnati za ta biya wa, ga kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Haƙƙi ne, ba alfarma ba. Masu unguwa da kansiloli da limamai da fastoci su bi sawu su ga sunayen tsofaffinsu sun shiga. Ƙungiyoyin ma'aikata su ma, yadda suke tsayawa kan albashi, ya kamata su tsaya kan cewa wanda ya yi wa ƙasa shekara 35 kada a yanke masa magani ranar da ya miƙa makullin ofis.

Iyayena, ku gafarce ni in na yi tsaurin ido. Wanda ya rage masa shekara ɗaya ko biyu a aiki, ya tara yaransa a wannan watan, ya faɗa musu ranar da katinsa zai daina aiki da sunayen magungunan da yake sha, a wakilta ɗaya ya je ofishin NHIA da na PLASCHEMA ya kawo farashi da sharuɗɗa a rubuce. Ku kuma 'ya'ya, kada ku jira sai Baba ya tambaya, domin ba zai tambaya ba.