Bayanau na Lokaci a Sinanci da Gobiranci

Aikatau a Sinanci ba ya sauya siffa don nuna lokaci. Kalmomi irin su zuótiān (jiya), míngtiān (gobe) da hòutiān (jibi) su ke ɗaukar yawancin wannan nauyi. Ma'anarsu ba za ta wahalar da ɗalibin Sabon Birni ko Isa ba. Har gata ma akwai takwararta, watau dàhòutiān. Wurin ajiye su ne matsalar. Bagobiri yakan ce "mun tahi Isa jiya", ko "jiya munka tahi Isa", inda jaddada jiya a farko ya mai da mun munka. Sinanci bai yarda da tsarin farko ba: tilas zuótiān ta gabaci aikatau, wakilin suna kuwa ba ya sauyawa. Gara malami ya fara kwatanci da jimlar munka.