Baƙon Dauro a Ƙasar Ruma: Ɗigon Shan Inna Ba Ya Maganin Ƙyanda

Da an kammala kaka, hunturu ya kama, har zuwa zafin bazara, lokacin baƙon dauro ne, wato ƙyanda, a ƙasar Hausa. Ƙwayar cutar ƙyanda tana bin iska ne daga tari da atishawar mai ɗauke da ita, kuma takan daɗe har awa 2 a cikin ɗaki bayan maras lafiyan ya fita. Cikin mutum 10 da ba su da riga-kafi, idan suka zauna tare da mai ciwon, kusan 9 za su kamu. Abin da ya fi muni, yaro yakan fara yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su feso masa, tun uwa tana zaton mura ce.

To, a auna wannan da halin da Batsari da Safana suka shiga. Shekara da shekaru ta'asar 'yan bindiga daga dajin Rugu tana tayar da ƙauyuka. Harin da aka kai Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020 ɗaya ne kawai daga ciki. Mata da yara suka kwararo garin Batsari da Safana da Dutsin-Ma da birnin Katsina, wasu a azuzuwan makaranta, wasu a kangaye, wasu a gidajen dangi inda ɗaki guda yake ɗaukar iyali biyu ko uku. Yaran da aka haifa a cikin wannan gudun hijira da yawansu ba su taɓa ganin katin riga-kafi ba. Ga cunkoso, ga tamowa, wadda ta sa ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki a Jihar Katsina tun 2021. Ƙyanda ta fi kisa a jikin yaron da yunwa ta riga ta raunana.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Iyaye da dama suna cewa, "Ai an yi wa yarana riga-kafi, har gida aka zo." Galibi ɗigon shan inna suke nufi, wanda ake ɗiga wa yaro a baki. Na ƙyanda allura ce. Tana buƙatar ƙwararren ma'aikacin lafiya, tana buƙatar sanyi tun daga ma'ajiya har zuwa hannun yaro, kuma da zarar an haɗa kwalbar, bayan awa 6 sai a zubar da abin da ya rage. Shi ya sa duk inda hanya ta zama abin tsoro, ko asibitin ƙauye ya rufe, wannan allura takan riga saura yankewa. A tsarin Nijeriya ana yin ta farko a wata 9, ta biyu a wata 15, kuma kyauta ce. Ta biyun ce aka fi yi wa sakaci, alhali sai kashi 95 cikin 100 na yara sun samu duka biyun kafin cutar ta rasa wurin ratsawa. Allurar ba baƙuwa ba ce, tun 1963 ake amfani da ita. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙyanda ta kashe mutum kimanin 107,500 a 2023, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Idan kuwa ta riga ta shigo gida, alamominta sanannu ne: zazzaɓi mai zafi, tari, majina, jajayen idanu, sannan ƙuraje su faro daga fuska da bayan kunne su gangara jiki. Babu maganin da yake kashe ƙwayar kanta, jinya ce take ceton rai. A ware yaron daga sauran yara, a ci gaba da ba shi nono da kunu da ruwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari in gudawa ta biyo. A asibiti za a ba shi bitamin A sau biyu, yau da gobe, wanda yake kare ido daga makanta, yake kuma rage mace-mace.

A nan ne nake da ja da wasu al'adunmu. Kulle yaro a ɗaki mai duhu ana turara masa hayaƙi, hana shi wanka, ɗiga masa jiƙe-jiƙe a ido, da tsoron cewa allurar asibiti za ta "mayar da ciwon ciki", duk suna cinye kwanakin da ya kamata a ce likita ya gan shi. Ba ƙurajen ne suke kisa ba, ciwon huhu da gudawa ne. Numfashi da sauri, faɗawar haƙarƙari, jijjiga, ƙin kama nono, ko farin tabo a ƙwayar ido, kowanne cikinsu yana nufin a tafi asibiti a ranar, ba sai gari ya waye ba.

Sarkin Ruma da Yariman Katsina, hakiman Batsari da Safana, da dagatai da limamai, suna da bakin da jama'a suke saurare. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha kuma ta bi 'yan gudun hijira har inda suke kwana, ta bi ranakun kasuwa. Kai kuma maigida, a duba katin kowane yaro yau. Wanda ya wuce wata 9 ba allura, ko ya wuce wata 15 da guda ɗaya tak, a kai shi asibiti mafi kusa.