Rufin Mangaza Ma Jari Ne

In muka zauna lissafin hasara, abin da muka saba ƙirgawa shi ne san da ya faɗi a mota, ko kuɗin da aka karɓe a shinge, ko faɗuwar farashi bayan Salla. Amma akwai wata hasara da ba mu cika sa ta a littafi ba, don a hankali take ci. Buhun dusa ya yi fumfuna, gishiri da kanwa sun sha danshi sun narke, ƙiraga sun ruɓe kafin mai saye ya iso, maganin dabbobi kuma zafi ya kashe masa ƙarfi a kan kanta. Mafarin duk wannan ginin da muka ajiye kayan ne. Shi ya sa a wannan fitowa muka ga ya dace mu waiwayi abubuwan da masu ƙirƙira suka fito da su don tare zafi da ruwa a gini, mu ga wanne zai amfane mu, wanne kuma zai ci kuɗinmu a banza.

Kwano, alherinsa da sharrinsa

A shekarar 1829 ne wani injiniya mai suna Henry Palmer ya yi rajistar kwanon rufi mai tudu da kwari a London, inda aka fara rufe mangazun tashar jiragen ruwa da shi. A 1837 kuma wani Bafaranshe, Stanislas Sorel, ya yi rajistar hanyar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya don kada ya yi tsatsa da wuri. Haɗuwar waɗannan biyu ita ta haifi kwanon da ya rufe kasuwanninmu. Ba shi da nauyi, gara ba ta cinsa, kuma ba ya bukatar azara.

Sai dai kwano ba ya tare zafi ko kaɗan. A tsakiyar bazara jikinsa kan wuce digiri 60, ya riƙa sako wannan zafi a kan duk abin da ke ƙarƙashinsa. Ku ɗauki kwalbar allura ko maganin tsutsa ku duba takardarta, galibi za ku ga an ce a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30. To, ina ɗakin kwano ina digiri 30 a watan Afrilu a Maraɗi ko N'Djamena? Mutum ya sayi magani mai kyau, ya yi wa garke, ya ga bai yi aiki ba, sai ya zargi mai kanti.

Sirrin yana ga iska

Kusan duk abin da aka ƙirƙiro don tare zafi dabara ɗaya ce a cikinsa, wato a kulle iska cikin ƙananan ramuka ta kasa motsi. Iskar da ba ta motsi ba ta kai zafi gaba da sauri. Abin da ke sa bukkar ciyawa sanyi ke nan.

A 1932, a jihar Ohio ta Amurka, wani ma'aikacin kamfanin gilashi mai suna Dale Kleist yana ƙoƙarin manne tubalan gilashi, sai iska mai ƙarfi ta bugi narkakken gilashin ya tarwatse ya zama zare siriri. Shi da Games Slayter suka inganta abin, har aka kafa kamfanin Owens Corning a 1938. Wannan ita ce audugar gilashi da ake shimfiɗawa a bisa silin. Mai kaurin santimita 5 ta fi bangon kankare mai kaurin mita ɗaya tare zafi, kuma ba ta cin wuta. Aibinta, in ta jiƙe ta tashi daga aiki, sannan tana sa ƙaiƙayi, dole mai shimfiɗa ta ya rufe hanci da hannu.

A Jamus kuma, Otto Bayer ya gano sinadarin poliyuretan a 1937, wanda daga gare shi ake yin soson katifa da kuma kumfar da ake fesawa a cikin kwano ta kumbura ta daskare. Ita ce a jikin firji da motocin sanyi masu ɗaukar nama. A farkon shekarun 1950 kamfanin BASF ya fito da Styropor, farin soson nan mara nauyi da muke gani a kwalin rediyo da talabijin. Kashi 98 cikin 100 na jikinsa iska ce. Da arha, amma ɓeraye da gara suna haƙa rami a cikinsa, fetur yana narkar da shi, kuma in ya kama wuta hayaƙinsa guba ne.

Maganar wuta ba ta wasa ba ce. A watan Yuni na 2017 gobara ta tashi a benen Grenfell mai hawa 24 a London, mutum 72 suka rasu. Bincike ya nuna cewa kayan da aka lulluɓe jikin benen da su, masu roba da soso a ciki, su suka kai wutar sama cikin ɗan lokaci. Saboda haka wanda zai tara harawa da ƙaiƙayi a ɗaki, kada ya bar soso a buɗe a bisa kansu. Haka nan tsohon silin na asbestos da ke cikin gine-gine da yawa a garuruwanmu. Ƙurarsa tana jawo kansar huhu, kuma Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya tun 2005. In kun gaji irinsa, kada a yanka shi da zarto ko a farfasa shi a bushe.

Akwai wata hanya ta biyu, ita ce a mayar da hasken rana tun kafin ya shiga. Ana sayar da takardar alminiyom mai sheƙi da ake sawa ƙarƙashin kwano. Tana aiki ne kawai in an bar sarari tsakanin fuskarta mai sheƙi da abin da ke gabanta, kuma gara fuskar ta kalli ƙasa, don ƙurar hunturu in ta kwanta mata ta dushe. Wanda ya fi wannan sauƙi shi ne farin fenti. A birnin Ahmedabad na Indiya, hukuma ta shafe dubban rufuna da fari a 2017 don rage wa talakawa zafi. A 2021 kuma masu bincike a jami'ar Purdue ta Amurka suka haɗa fentin da ke mayar da kashi 98 cikin 100 na hasken rana.

Ruwa ba ya raina kafa

Mu yi ɗan lissafi. Ruwan sama milimita ɗaya a kan fili mita ɗaya tsawo da faɗi lita ɗaya ne. Mangaza mai mita 10 da mita 6, in aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, lita 3,000 ce ta sauka a kanta, wato duro 15. Wannan ruwa dole ya sami inda zai bi. In ba a yi masa hanya ba, zai yi wa kansa.

Kwalta ita ce tsohuwar magani. Mutanen tsohuwar Iraƙi sun yi amfani da ita dubban shekaru da suka wuce wajen toshe jiragen ruwa da gine-gine. Matsalarta, rana tana narkar da ita, daga baya ta bushe ta tsattsage. A shekarun 1960 ne a Italiya aka gano cewa in aka gauraya ta da wani nau'in roba takan jure zafi. Daga nan aka sami shimfiɗar kwalta da ke zuwa a naɗe kamar tabarma, mai kaurin milimita 3 zuwa 4, wadda ake liƙa wa rufin kankare da wutar gas. Kafin wannan, a 1910, Kaspar Winkler ya haɗa wani ruwan magani a Suwizalan mai suna Sika-1 da ake zubawa cikin kwaɓin siminti ya toshe ƙananan kafofinsa. Da shi aka tsayar da yoyo a ramin jirgin ƙasa na dutsen Gotthard daga 1918, lokacin da za a sa masa lantarki. Ita kuwa ledar da muke rainawa, a Ingila aka gano sinadarinta a 1933. Leda mai kauri in aka shimfiɗa ta kafin a zuba daɓen siminti, danshin ƙasa ba zai hau ya taɓa buhuna ba.

A nan akwai tarkon da mutane da yawa ke faɗawa, wato shafe ginin ƙasa da siminti tsantsa. Ƙasa da siminti ba sa miƙewa tare in zafi ya buga, sai yaɓen ya rabu da bango ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma ruwa. Ya shiga ta tsagar, simintin ya hana shi fita, bango ya riƙa jiƙa ta ciki alhali waje fes. Ran da aka yi ruwan marka sai ya zube gaba ɗaya. Daminar 2024 ta nuna mana iyakar ginin ƙasa in ruwa ya yi yawa. A Nijar fiye da mutum 300 suka rasu, kuma a watan Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe.

Dabba ma tana cikin gini

Kada mu ɗauka ilmin nan na Turawa ne kaɗai. Maginanmu sun san makuba da ake jiƙowa daga kwasfar ɗorawa a shafe bango da daɓe. Sun san laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, da gashin jima daga majema, da dafara, a shafe soro ya jure ruwa shekaru. Kashin shanu kuwa har gobe ana kwaɓa shi cikin yaɓe a ƙauyuka. Can Ingila ma, kafin zuwan kayan zamani, gashin shanu suke sawa cikin yaɓen farar ƙasa don kada ya tsage, su narka kitse a ciki don ruwa ya zame. Kun ga ashe sana'armu ta daɗe da hannu a harkar gini.

Abin da ya fi burge mu shi ne inda aka haɗa tsoho da sabo. Tun shekarun 1980 ake koya wa magina a Nijar gini ba katako, inda ake ɗaure rufi da tubalin ƙasa zalla. A Boromo ta Burkina Faso, wata ƙungiya da aka kafa a 2000 tana yaɗa irin wannan rufi, tana shimfiɗa leda a kansa sannan ta binne ta da yaɓen ƙasa. Leda ta tare ruwa, ƙasa ta tare wa leda rana. A ƙauyen Gando kuma, Francis Kéré ya gina makaranta a 2001 da silin na tubalin ƙasa, ya ɗaga kwano sama da shi a kan ƙarafa don iska ta ratsa tsakani ta kwashe zafin. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin zanen gini.

Kafin a biya magini

Tun ran gini ran zane. Duk reshen da zai gina mangaza, ko ɗakin fatu, ko ɗakin magani a kara, ga abin da muke ba da shawara. A ɗaga harsashi sama da inda ruwa ke kwanciya, a sa leda ƙarƙashin daɓe. A ba kwano gangara sosai, bakinsa ya zarce bango, a yi wa ruwan indararo hanya nesa da gindin gini. A bar kafofin iska a sama ƙarƙashin rufi, a sa musu raga saboda ɓera da tsuntsu. A shafe kwano da fari, a riƙa wanke ƙura. In kuɗi sun rage, a yi silin a shimfiɗa audugar gilashi, a fara da ɗakin magani. Buhuna da ƙiraga kuma a ɗora su kan katako, kada su jingina da bango.

Waɗanda suka riga suka gina, watan Afrilu ne lokacin hawa rufi. A duba bakin ƙusoshi da mahaɗar kwano, don nan yoyo ke farawa. A canza ƙusar da ta saki da noti mai zoben roba. Kuɗin wannan aiki bai kai na buhunan dusa kaɗan ba. In mai sayar da kaya ya zo muku da sabon abu, ku yi masa tambaya uku. Yana cin wuta? Me zai same shi in ya jiƙe? Shekara nawa zai yi a ranar ƙasarmu? Wanda ya kasa amsawa, ku riƙe kuɗinku, arha ba ta ado.

Muna roƙon shugabannin rassa su sa wannan magana a taronsu na gaba, tun hadari bai haɗu ba. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.