Kafin ka shiga haikalin Buda, duba abin da ka saka

Idan a Mahuta ka taso, nan kusa da matatar mai, ai ka san yadda ake yi ranar da abokinka Kirista ya gayyace ka ɗaurin aurensa a coci. Kana isa ƙofa za ka cire hula ka riƙe a hannu, ba sai an ce maka ba. To wannan hankalin shi za ka tafi da shi duk ranar da karatu ko saro kaya ya kai ka Tailan, ka ce bari ka leƙa wuraren ibadar mabiya addinin Buda.

Abin dariyar shi ne, kayanmu na gida sun riga sun cika sharaɗi. Kaftani, abaya, riga da zani na atamfa, duk za su wuce. Matsalar sai matashinmu ya sauka a jirgi ya ga Turawa, shi ma ya koma singileti da gajeren wando ko yagaggen jins, wai shi ɗan yawon buɗe ido. A babbar fadar sarki da ke Bankok, wadda aka fara ginawa a 1782, inda haikalin Wat Phra Kaew yake, masu gadi ba sa wasa: kafaɗa a rufe, ƙafa a rufe, babu matsattsen kaya. In ba haka ba, a ƙofa za a tsayar da kai, sai ka koma bakin titi ka sayi wandon nan mai zanen giwa da tsada, ka shiga hoto kamar an aro ka.

Takalmi kuma a waje ake barinsa, kamar masallaci. A Shwedagon da ke Yangon na ƙasar Miyanma har safa sai ka cire.

Hular ce dai za ta ruɗe ka. A wurinmu hula cikar kamala ce, amma a can girmamawa ita ce ka cire ta. Ke kuma 'yar'uwa mai hijabi, tambayi mai gadi tun kafin ki biya kuɗin shiga, don kar ki tsinci kanki cikin zaɓin da ba ki shirya masa ba. Kuma kada ki miƙa wa malamansu masu yafa yadi ruwan goro hannu, mace ba ta taɓa su.

In za ka zauna, naɗe ƙafa, kar tafin ƙafarka ya fuskanci mutum-mutumin Buda. Batun hoto ma a yi hattara. A Siri Lanka ba a so ka juya masa baya don ɗaukar kanka, kuma a 2014 sun kori wata 'yar Ingila daga ƙasar saboda zanen Buda da ke jikin hannunta. Dogon hannun riga da zai rufe shi kawai ta rasa ranar.