Matan Faransa da matan ƙasashen da ta mallaka: wa ya fi wani iko da dukiyarsa?

Akwai wata magana da ake yawan maimaitawa, cewa Turawan mulkin mallaka ne suka kawo wa matan Afirka 'yanci. Tarihin Abijan, musamman na Treichville da Adjamé, inda baƙar fata suka zauna lokacin da Plateau ke hannun Turawa, ya nuna al'amarin bai tafi haka ba. In aka duba dokar da matar Bafaranshe ke ƙarƙashinta a lokacin, aka kwatanta da matsayin matan da aka tarar a ƙasa, za a ga a wasu fannoni 'yar gida ce ke gaba.

Lokacin da Faransa ta ayyana Kwaddibuwa a matsayin mallakarta a 1893, dokar zaman iyali ta Napoleon ta 1804 ce ke aiki a Faransa. Dokar ta wajabta wa mace biyayya ga mijinta, ta kuma hana ta shiga kotu ko sayar da kadararta sai da izininsa. Sai a 1907 matar aure ta samu ikon riƙe albashinta. A 1938 aka soke wajibcin biyayyar, a 1944 mata suka samu damar zaɓe, sannan a 1965 aka ba matar aure damar buɗe asusun banki da kama aiki ba tare da sa hannun miji ba.

A wajen Baule da ke tsakiyar ƙasar, dangin uwa na da nauyi sosai a sha'anin gado, mace kan yi sarauta, kuma tarihinsu na kafuwa yana komawa ne ga sarauniya Abla Poku ta ƙarni na 18. Binciken masaniyar al'adu Mona Etienne ya bayyana yadda tattalin gida yake. Miji ya share gona ya shuka doya, mata ta shuka auduga a tsakanin kunyoyin, ta kaɗa zare, ta ba miji ya saƙa. Da yake zaren nata ne, zanen da ya fito ma nata ne, ita ke yanke shawarar inda zai tafi. Da Faransawa suka mai da auduga amfanin sayarwa, suka ɗora haraji a kan maza, aka kuma kafa masaƙar Gonfreville a Bouaké a shekarun 1920, sai zaren masana'anta ya shigo kasuwa. Namiji mai kuɗi a hannu ya daina jiran zaren matarsa, ikon zane ya suɓuce daga hannun mace.

Matan Hausawa da suka biyo fatake zuwa unguwannin Abijan sun zo da wani tsarin daban, na mazhabar Malikiyya. Sadaki na amarya ne, kayan ɗakinta nata ne, abin da ta samu a sana'ar fura, ƙosai ko adashi miji ba shi da hurumi a kai, tana kuma da rabonta na gado da aka ƙayyade. Sai dai saki na hannun miji, rabon 'ya mace rabin na ɗa namiji ne, kulle da auren dole kuma sun takura wa mata da yawa. Ke nan kowane tsari na da inda ya ba mace da inda ya hana ta.

Irin wannan gamuwa ta faru tun da daɗewa a Kanada. A 1615 Samuel de Champlain ya isa ƙasar Huron, waɗanda ke kiran kansu Wendat. A can ɗa na bin dangin uwarsa, mata ne ke noman masara da wake da kabewa da al'umma ta dogara da su, kuma rabuwar aure ba ta da wuya. Limaman Jesuit sun ɗauki wannan a matsayin babban cikas ga wa'azinsu, suka dage kan aure marar rabuwa da biyayyar mace. A daidai wannan zamani, 'yan mata kusan 800 da sarkin Faransa ya tura Kebek tsakanin 1663 da 1673 don su yi aure sun shiga ƙarƙashin dokar al'ada ta Paris, wadda ta sa dukiyar ma'aurata a hannun miji. Annobar shekarun 1630 da yaƙin da ya tarwatsa Huron a 1649 sun raunana tsarin nasu.

Ba a ce mulkin mallaka bai taɓa komai don mata ba. Dokar Mandel ta 1939 ta sa shekara 14 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aurar da yarinya, ta kuma nemi yardarta. Dokar Jacquinot ta 1951 ta yi ƙoƙarin rage tsadar kuɗin aure. Amma sai a 1956 kowace mace baliga a yankin ta samu ƙuri'a, kuma kafin nan matan Abijan sun riga sun shiga siyasa da ƙafarsu. Bayan rikicin 6 ga Fabrairun 1949 a Treichville, an tsare shugabannin jam'iyyar PDCI takwas a Grand-Bassam, cikinsu har da marubuci Bernard Dadié. A watan Disamba na shekarar, mata irin su Marie Koré suka nufi gidan yarin, tafiyar kusan kilomita 40, jami'an tsaro suka tare su da duka da ruwan mesa.

Abin ya shafi iyalai har yau, domin dokokin 1964 na Kwaddibuwa sun ɗauko salon Faransa: sun hana auren mace fiye da ɗaya, sun soke gadon dangin uwa, sun sa miji shugaban iyali, sun haɗe dukiyar ma'aurata. A 1983 aka ba da zaɓin raba dukiya, a 2013 aka mai da jagorancin iyali na miji da mata tare, a 2019 kuma aka tsayar da shekarun aure a 18 ga kowa.

Auren da aka ɗaura a ofishin magajin gari ne kaɗai doka ta sani. Matar da aka ɗaura aurenta a masallaci kawai na iya rasa matsayin matar aure a gaban kotu ranar rabon gado. Wadda za ta je ofishin magajin gari kuma za a tambaye ta tsarin dukiyar da ta zaɓa, haɗe ko rabe. 'Yar kasuwar Adjamé da ta saba jarinta nata ne ya kamata ta san ma'anar kowanne kafin ta sa hannu.